Shin ana sayen garkuwar shuka a kwalba?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a ƙaramar hukumar Giwa. Na shuka irin wake da aka ce ƙuduji ba ya cin sa, kuma gaskiya bai ci shi ba, amma yanzu ganyen ya cika da tabo. Mai shagon maganin feshi ya ce garkuwar irin ce ta ƙare, in sayi ruwan ƙarfafa garkuwa in haɗa da kafso na maganin bakteriya in fesa. Shin an cuce ni ne a irin? Hankalina ya tashi, domin da bashi na yi noman.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka. Ba a cuce ka a iri ba, sai dai ana shirin cutar ka a shago.

Shuka ba ta da jini mai yawo da ƙwayoyin yaƙi da cuta kamar na mutum, don haka kowace ƙwayar halitta a jikinta ita ke tsaron kanta, ta hanyar wasu furotin masu gane abokin gaba, waɗanda suka kasu kashi biyu. Kashi na farko yana zaune a bangon ƙwayar, yana sansano abin da ƙwayoyin cuta da yawa suka yi tarayya a kansa. Wanda ake kira FLS2, alal misali, yana gane wani yanki na wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. Ƙwayar cuta mai ƙarfi takan harba nata furotin cikin shuka don ta rufe wannan ƙararrawa, a nan ne kashi na biyu, wato NLR, yake aiki daga ciki. Idan ya gane abin da aka harbo, ƙwayoyin halittar shukar da ke wurin sukan mutu nan take, cutar ta rasa abin ci. A 2019 masu bincike a China sun nuna yadda guda 5 na irin wannan furotin ke haɗuwa su zama zobe, kuma daga baya aka tabbatar cewa zoben huda bangon ƙwayar yake yi, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki.

Kowane NLR kamar maigadi ne da aka nuna wa hoton ɓarawo ɗaya: wanda ba ya cikin hoton zai wuce ta gabansa da sallama. Tun shekarun 1940 masanin cututtukan shuka Harold Flor ya gano haka a Amurka. A wake ma, ƙwayar gadon da aka ware a 2009 daga wani iri mai suna B301, ɗan asalin Botswana, NLR take samarwa, kuma nau'in ƙudujin da ke Najeriya da Nijar take tarewa. Ba ta da ruwa da naman gwari ko bakteriyar da ke sa tabo a ganye. Irinka ya cika alkawarin da aka yi maka.

Sai maganar kwalba, wadda na gaji da jin ta. Garkuwar nan gado ce, a cikin iri take, daga uwa zuwa 'ya. Ba ta ƙarewa a tsakiyar damina, kuma babu ruwan da zai dasa wa shuka furotin da ba ta gada ba. Da ana sayen ta a lita, da masana ba su kwashe shekaru suna barbarar shinkafa da wata shinkafar daji ta ƙasar Mali ba kafin su samu Xa21, ƙwayar gadon da ke kare shinkafa daga wata cutar bakteriya, da kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ba ta ɓata shekaru kafin ta fitar da kowane irin wake na SAMPEA ko irin gyaɗa na SAMNUT ba. Gaskiya ne akwai sinadarai masu rajista da ke zaburar da tsaron da shuka take da shi, amma ana fesa su kafin cuta ta kama, kuma ba su ne ruwan da ake ɗurawa a gorar lemo ba tare da takarda ba. Kafso kuwa shi ne mafi muni. Yawancin cututtukan ganye naman gwari ne ke kawo su, maganin bakteriya ba ya taɓa su ko kaɗan, abin da kawai yake yi shi ne koya wa bakteriyar ƙasa da ta ruwa jure maganin da gobe za a ba ɗanka a asibiti. Mutumin da bai ga ganyen ba, bai tambayi sunan irin ba, ya rubuta magani daga bayan kanta, ya ji tsoron Allah, domin dukiyar mai bashi yake ci.

Garkuwa takan karye, amma ta wata hanya dabam: ƙwayar cutar ce ke sauya kama har maigadin ya daina gane ta, kamar yadda tsatsar alkama ta Ug99 ta yi a Uganda a ƙarshen shekarun 1990. Shi ya sa ba ma son gari guda ya dogara da iri ɗaya shekara da shekaru.

Ka tsinki ganye mai tabo da mai lafiya, ka sa a takarda ba a leda ba, ka kai wa malamin gona na yankinku ko sashen kare amfanin gona a Samaru, tare da sunan irin. Kafin a faɗa maka cutar, kada ka fesa komai, kuma kada ka shiga gonar da raɓa a jikin ganye.