Tambaya da Amsa: Wai ina kuɗin makamai suke shiga ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a fayyace min, kullum sai mu ji an ware biliyoyi na sayen makamai amma 'yan bindiga na cin karensu ba babbaka, wai babu dokar da ta tilasta wa gwamnati nuna yadda aka kashe kuɗin ne, ko duk sirrin tsaro ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam doka kam akwai ta, sai dai an bar mata ƙofa a buɗe. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce a tallata kwangila kamfanoni su yi takara, amma sashe na 15, yadda aka kafa dokar tun asali, ya tsame kayan tsaron ƙasa, sai in shugaban ƙasa ne ya amince a bi dokar. To ka ga tunda ba a tallata ba ai ba wanda ya san wa aka ba, nawa aka biya, kayan ma sun iso ko ba su iso ba.

Ka tuna Satumban 2014 da Afirka ta Kudu ta kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgi daga Najeriya, aka ce wai na sayen makamai ne. Tsaba fa, a akwati! A Disambar shekarar kuma kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan bore, su kuwa kukansu shi ne an tura su su tunkari Boko Haram ba isassun kayan aiki, daga baya dai aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. Sai 2015 kwamitin da Buhari ya kafa ya yi bincike, aka kama Sambo Dasuki, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a zamanin Jonathan, kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1, ya sha tsare har Disamban 2019. Shi ya musanta, don haka zargi muke cewa. Olisa Metuh, kakakin PDP na lokacin, an ɗaure shi shekara 7 kan naira miliyan 400 da aka ce ya karɓa daga ofishin Dasuki, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2020.

Kada ka ɗauka na gwamnati ɗaya ne. A Maris 2021 Babagana Monguno, mai ba Buhari shawara kan tsaro a lokacin, ya shaida wa BBC Hausa cewa kuɗin makamai sun salwanta, kafin ka ce kwabo ofishinsa ya fito ya ce ba a fahimce shi ba ne, maganar ta bi ruwa.

Ni a ganina inda aka girke makami da ranar da za a kai farmaki wannan sirri ne, ba gardama. Amma farashi? Jiragen Super Tucano 12 da aka saya daga Amurka duniya ta san an biya dala miliyan 496, sun kuma iso a 2021, hakan bai hana su aiki ba. Masu neman gyara sun yi ta kira a toshe ƙofar sashe na 15, a bar babban mai binciken kuɗi na tarayya ya duba takardun ko da a asirce ne, kwamitocin tsaro na majalisa kuma su je sito su ƙirga kayan da idonsu. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da za ka iya rubuta takarda da ita, amma kar ka yi mamaki in an amsa maka da "tsaron ƙasa", don ita ma ta ba su wannan damar.