Kafin ka yi "get on" jirgin Ingila

Ƙanena, saƙonka ya iso, kai ne na huɗu a watan nan. Ka ce ka ci B3 a Turancin WAEC, har jami'ar ta ɗauke maka jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS, don haka damuwarka masauki da aiki ne kawai. Masauki sai mun yi waya. Wannan taƙama da Turancin ita ta tsaya min a rai, don da irinta na sauka Bradford.

A unguwarmu Bature ake ce min, ni nake rubuta wa mutane takardar neman aiki. Amma da na zo nan, manyan kalmomin da muka haddace ba su tsinana min komai ba. 'Yan mitsi-mitsi biyu ne suka kai ni ƙasa: "get" da "on".

Ka san bizar ɗalibi awa 20 ta yarda ka yi aiki a mako idan ana karatu. Nawa a gidan kula da tsofaffi na samu. A mako na uku manaja ta kira ni ofis, ta ambaci wata abokiyar aikina, ta ce, "Do you get on with her?" Ni abin da na sani, "get on" hawa bas ne. Ita matar a motarta take zuwa, ni kuwa bas nake bi. Sai na gyara tsayuwa na ce, "No, never." Na ga ta ɗan yi shiru, ta rubuta wani abu. Ashe tambayata take ko muna shiri da matar! Baiwar Allah da ta koya min yadda ake ɗaga tsoho daga gado ba tare da na karya ƙuguna ba. Aka raba mana lokacin aiki, ta daina amsa gaisuwata, ni ko ina ta tunanin wariyar launin fata ce. Sai bayan wata guda wani ɗan Ghana ya warware min, yana dariya har da riƙe ciki. Abin da ya fi min ciwo, ba wanda ya sake tambayata. Bature ba ya gyara maka Turanci, murmushi zai yi ya rubuta.

To buɗe kunne. Bas, jirgin ƙasa, jirgin sama da keke, duk "get on" ne, amma tasi da ƙaramar mota "get in". Sauka daga bas "get off". Wannan "drop" ɗin namu na gida bar shi a Kano. Idan an ce "get on with" aka ambaci mutum, jituwa ake nufi. Idan kuma aka ce maka "just get on with it", ba wasa a ciki, cewa ake ka bar ƙorafi ka yi aikinka. "He's getting on" tsufa ne ya kama shi, kuma a wurin aikina kullum sai na ji ta. "You're getting on my nerves", ka ishe shi. Har cewa suke mutum biyu suna "get on like a house on fire", wato sun shaƙu. Ranar da na fara ji sai da na waiga neman hayaƙi.

Wadda za ka fi ji ita ce "How are you getting on?" Kamar "ya aiki?" ɗinmu take, kada ka zauna kana zayyana sanyi da kuɗin haya. Ka ce "not too bad", ka wuce. Sai fa idan malamin da ke duba aikin bincikenka ne ya tambaya. Shi so yake ya ji shafi nawa ka rubuta.

Yau ni nake horar da sababbin ma'aikata a gidan, kuma ba da satifiket na kai nan ba, kunne na kasa a bas da ɗakin shan shayi. Turo min sunan garin da jami'ar take. Kilishi kada ka ɗauko, ba a shigowa da nama, ƙwacewa za su yi. Yaji dai ka cika min leda. A gaida Hajiya.