Launin Ƙasa Ba Alamar Ciwo Ba Ne

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Tun ina ƙarama launukan da nake so su ne ruwan ƙasa, jar ƙasa da kalar busasshen ganye. Kwanaki na shiga damuwa, sai ƙawata ta ce ɗakina ne ya cika duhu, in sake masa fenti mai haske, in riƙa rubuta abubuwa uku da nake godiya a kansu kullum, in kuma zauna shiru ina bin numfashina. Na yi duka, amma abin ƙaruwa yake, ɗakin ma ya zama kamar ba nawa ba. Shin son irin waɗannan launuka ciwo ne?
*Wata mai karatu*

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a, ba ciwo ba ne. Launukan da kike so su ne mafi tsufa a hannun ɗan Adam. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an tono kayan haɗa fentin jar ƙasa masu shekara wajen 100,000. Dabbobin da aka zana a kogon Lascaux na Faransa, wanda aka gano a 1940, akasari da jar ƙasa, rawayar ƙasa da baƙi aka yi su. Sirrin jar ƙasa da rawayar ƙasa tsatsa ce: sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar shi ke ba ta launi, shi ya sa rana ba ta kodar da shi da wuri. Idan aka gasa rawayar ƙasa a wuta, ja take komawa. Ni kam ban taɓa gajiya da kallon bango mai wannan launi lokacin da rana ta yi sanyi ba.

Zancen cewa launi kaza na warkar da zuciyar kowa an daɗe ana yin sa. A 1979 wani mai bincike a Amurka, Alexander Schauss, ya sa aka shafa ruwan hoda a ɗakin tsare sojojin ruwa a Seattle, ya ce yana kwantar da fushi. Gidajen yari da dama suka kwaikwaya. Da aka gwada a tsanake a wani gidan yari a Suwizalan, ba a ga bambancin da ake faɗa ba.

Ƙawarki ba ta nufe ki da sharri ba, abin da ya yi mata amfani ta miƙo miki. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni ma na taɓa gwada zaman bin numfashi. Minti biyar ban cika ba tunani ya yi min rubdugu, ƙirjina ya ɗau bugawa. Daga baya na san cewa Willoughby Britton, wata mai bincike a jami'ar Brown ta Amurka, ta daɗe tana nazarin mutanen da wannan zama ke tayar wa hankali, musamman masu tsohon tabo a zuciya. Ni doguwar tafiya ce ta karɓe ni. Rubutun godiyar ma, in ya zama dole, sai ya bar mutum da jin laifi: ga ni'ima, me ya hana ni farin ciki?

Ko magani haka yake. A babban binciken STAR*D na Amurka, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu ciwon damuwa suka samu sauƙi sosai da maganin farko, sauran sai da aka canja ko aka ƙara.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne "ƙaruwa yake". Idan kin haura mako biyu cikin ƙunci, barci da cin abinci sun rikice, abin da kike so a da ya fita ranki, ki ga likita, ki gaya masa har abubuwan da kika gwada suka ƙi. In tunanin cutar da kanki ya zo, kada ki kwana da shi, ki gaya wa wani na kusa a kai ki asibiti ranar.

Ɗakin kuwa, ki mayar masa da launinsa, ko bango ɗaya ne don farawa.