Amsa daga Sabon Zangon Akra

Ƙanena, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya su Hajiya? Saƙonka ya iso. Ka tambaya yadda aka yi muke da Sarkin Zango alhali ƙasar ba tamu ba ce, da dalilin da ya sa muke haɗa Badagombe da Bazabarme da Bayarabe mu ce duk 'yan zango ne. A ƙarshe kuma ka ce, "Yaushe za ku dawo gida?" Wannan ta ƙarshen ita ta fi taɓa ni. Amma ba za ka gane amsarta ba sai na zaga da kai unguwanninmu na Akra, babban birnin Gana, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, domin kusan kowace unguwa tamu akwai mutum ɗaya a gindinta wanda ya je gaban masu ƙasa ya roƙi fili, da aka ba shi kuma ya buɗe ƙofarsa ga baƙi.

Goro ne ya fara kawo mu wannan yanki. Ka ji labarin fataken Gwanja, ayarin jakuna da ke tashi daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su kai Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, su juyo da goron da ke fitowa daga kurmin Asante. A wancan zamani Salaga ce iyakar tafiya ga mafi yawansu, don Asante ba sa barin baƙo ya ratsa kurmi yadda ya ga dama. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, hanyar bakin teku ta buɗe. A 1877 suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka dawo da ita Akra. Sai kuma yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu. Wasu suka sauka Kete Krachi, inda babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Wasu suka gangaro teku, inda aka koma loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Akwai kuma sojojin da Glover, wani hafsan Turawan Ingila, ya kwaso daga Ikko don yaƙin Asante, waɗanda ake kira Hausawa ko da ba dukkansu ne Hausawa ba. Da yaƙi ya ƙare da yawansu ba su koma ba, suka yi aure a nan.

Cikin waɗanda suka riga kowa zama akwai Malam Idrisu Naino, Bakatsine. Shi ne ya sami fili daga hannun sarakunan Ga, ƙabilar masu garin Akra, a 1881, a tsakiyar tsohon gari, aka kira wurin Zangon Malam. Idan ka shiga cikin Akra yau za ka ga titin da ake kira Zongo Lane, da Cow Lane, da Horse Road, duk a kusa da juna, ba nisa da kasuwar Makola. Yanzu shaguna ne da hayaniyar 'yan kasuwa, mai wucewa ba zai san cewa nan ne aka fara ɗaure shanu da dawakin mutanenmu ba. Malam Naino ya rasu a 1893.

Bayan rasuwarsa aka shiga jayayya mai tsawo kan limanci da shugabanci. Musulmin Akra a lokacin ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Yarbawa masu ƙarfi, babbansu Cif Braimah, mutumin Ilori da ya yi dukiya da goro. Akwai Fulani, akwai Wangarawa. Kowane ɓangare yana ganin shi ya cancanci gaba, har abin ya kai ga Turawa, kuma a ƙarshe kowace ƙabila ta tsaya da nata shugaban. Cikin wannan hali, ga cunkoso, ga annobar da ta faɗa wa garin a 1908, Malam Bako ɗan Malam Naino ya nemi sabon wuri daga sarakunan Ga na Jamestown, ya ƙetare tafkin Korle da mutanensa wajen 1912. Nan ne Sabon Zango, inda nake zaune nake rubuto maka.

Ina so ka tsaya kan abin da Malam Bako ya yi da filin nan, don a nan amsar tambayarka ta farko take. Ya yanka shi fuloti-fuloti ya raba wa mabiyansa da baƙin da suka biyo baya. Ya gina gida irin na can, da zaure da cikin gida, ga masallaci ga makarantar allo. Wanda ya sauka daga Kano ko Sakkwato ko Zazzau bai san kowa ba, gidan mai unguwa za a kai shi. A ba shi ɗaki da tuwo, a sama masa wanda zai tsaya masa a kasuwa, in ya kawo shanu ko goro a nemo masa mai saye, a lamunce bashin da ke tsakani. In ya zauna ya yi hankali a yi masa aure. Bayan shekaru shi ma ya zama mai gida, ya sauke nasa baƙin. Sarautar zango daga nan ta tsiro, kuma har yau ta Sabon Zango tana gidan Malam Bako.

Saboda haka kada ka auna Sarkin Zango da Sarkin Kano. Namu ba shi da hakimai da dagatai, ba ya mallakar ko taku ɗaya na ƙasa da sunan sarauta. Aikinsa mutane ne: sulhun miji da mata, rabon gado idan ya rikice, yaron da 'yan sanda suka kama a je a yi magana, baƙon da ya mutu ba dangi a yi masa sutura. Yana naɗa rawani, ana busa masa algaita, yana da Galadima da Waziri da Magajiya kamar yadda ka sani, amma ya san wanda ya ba kakansa wurin zama. Kowace shekara kafin bikin Homowo, masarautar Ga tana hana kiɗa da hayaniya har wata guda. Mu ma muna kiyayewa. Masallatai kan rage lasifika, mai biki ya haƙura da makaɗa ko ya ɗaga ranar. Na san wani a can zai ce yaya Musulmi zai bi dokar al'adar da ba ta addininsa ba. Mu ba ma shiga bautarsu, su ma ba su taɓa neman mu shiga ba. Haƙƙin mai masauki ne muke ba shi, mutanen da suka ba mu wurin sallah da wurin binne iyayenmu. Ni ban ga abin kunya a wannan ba, ina ma ganin yana cikin mafi kyawun abin da muka gada.

Unguwar Nima ita ce kowa ya sani, har a waje, musamman tun da Mohammed Kudus ya fito daga cikinta ya yi suna a ƙwallo. Asalinta wurin kiwo ne. Malam Futa, Bafulatani malami mai harkar shanu, ya sami wurin daga gidan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930. Girgizar ƙasar 1939 ta rusa gidaje da dama a tsohon gari, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sojojin Amurka suka kafa sansani a filin jirgin sama, aiki ya samu na leburanci da gadi da dafa abinci da wanki. Mutane suka yi ta kwararowa daga arewacin ƙasar da ƙasashen Faransa: Mosawa, Zabarmawa, Kotokoli, Busanga, Dagomba, Frafra. Nima ta cika ta tumbatsa zuwa Mamobi, ba tare da an tsara mata titi ko magudanar ruwa ba, domin shekaru da yawa ana lissafa ta a wajen iyakar birni. Babban kwatamin da ya ratsa tsakanin unguwannin biyu shaida ne har gobe. Abin da ke ci mini rai shi ne, daga Nima zuwa fadar shugaban ƙasa tafiyar ƙafa ce. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwar Nima, ka ga gero da wake da albasa da daddawa da kayan yaji an jibge, matan manyan unguwanni suna zuwa saye da motocinsu.

Madina ta zo daga baya, a 1959, ƙarƙashin Alhaji Seidu Kardo, a filin mutanen La, wani ɓangare na ƙabilar Ga. Fadama ma haka, da sauransu. Salon ɗaya ne.

To ka ga inda tambayarka ta biyu ta dosa. Mutumin da ya zo daga Wagadugu da wanda ya zo daga Dosso da wanda ya zo daga Yendi sun haɗu a gida ɗaya, famfo ɗaya, masallaci ɗaya. Da wane harshe za su yi magana? Hausa suka tarar ana ciniki da ita, ana fassara karatu da ita, sai ta zama ta kowa. Yau a Nima za ka sami yaron da bai iya yaren kakansa ba sai Hausa, kuma in ka tambaye shi zai ce maka shi Bamoshe ne, yana da sarkin ƙabilarsa da yake kai gaisuwa. Mu Hausawan asali ba mu ne mafiya yawa a zango ba. Don haka kalmar ɗan zango ta fi Bahaushe faɗi a wurinmu, kuma aure ya gauraya mu har ba mai iya warwarewa. Kakata ta wajen uwa 'yar Ga ce da ta musulunta, kuma irin wannan ba abin mamaki ba ne a tsofaffin gidajen Akra.

Na san kuna jin Hausarmu wani iri. Yawancin yaranmu ba sa bambanta namiji da mace a magana, za su ce Amina ya zo, ga kalmomin Turanci da na Twi da na Ga sun shiga ciki. Ina roƙonka idan ka zo kada ka gyara wa kowa magana a bainar jama'a. Wannan harshen ya yi fiye da shekara ɗari yana haɗa mutanen da ba abin da ya haɗa su sai baƙunci da alƙibla, kuma gidan rediyon gwamnatin Gana yana karanta labarai da Hausa cikin harsunan ƙasa. Abincinmu ma ya fita daga zango ya zama na ƙasa baki ɗaya. Da safe ma'aikacin banki da ɗan makaranta suna layi gaban mai koko da ƙosai, da rana a ci shinkafa da wake a ganye, tuwon zafi kuwa ba garin da ba a sayar da shi.

Ban ce zaman ya kasance lami lafiya kullum ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zangonni suka girgiza. Mutanen da aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Nijeriya ko Nijar ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. Akwai gidajen da rabi suka tafi rabi suka zauna, wasu ba su sake haɗuwa ba. Ku ma a 1983, zamanin Shagari, kun kori 'yan Gana kusan miliyan guda, cikinsu har da 'ya'yan zango da suka je neman aiki. A can aka ce musu 'yan Gana, a nan ana ce musu baƙi. Har yanzu mai suna irin namu kan sha tambayoyi wajen yin takardar ɗan ƙasa fiye da maƙwabcinsa, ko da kakansa yana kwance a maƙabartar garin nan. Mu ma da namu sakacin, iyayenmu sun daɗe suna gudun boko don tsoron kada mishan su juya musu 'ya'ya. Tsoron yana da dalili, amma ya bar mu a baya. Sai da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi a 1987, makarantun Islamiyya suka haɗa Arabiyya da boko, sannan abin ya fara sauyawa sosai.

In kana son ganin halin zango a jikin mutum ɗaya, ka dubi Shehu Usman Nuhu Sharubutu. A Akra aka haife shi a 1919, ya yi karatu a nan da Kumasi, ya zama Babban Limamin Ƙasa a 1993, yana zaune a Fadama. A 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ya zauna ya gaisa da su. Wasu sun yi surutu, har daga wajenku. Mu da muke kwana gida ɗaya da Kirista, muke kai musu naman layya su kawo mana abincin Kirsimeti, mun fahimci abin da dattijon yake karewa. Tun zamanin Shugaba Rawlings ranakun Sallah biyu hutu ne a ƙasar nan, ana idi a Dandalin 'Yanci shugaban ƙasa yana halarta, kuma a 2021 aka buɗe babban masallacin ƙasa a Kanda wanda Turkawa suka taimaka aka gina. Ba da faɗa aka sami waɗannan ba.

Yanzu batun dawowa gida. Ƙanena, ba ci-rani muka zo ba. Kakan mahaifina ne ya baro Katsina. Mahaifina a nan aka yanke masa cibiya, a nan aka binne shi. Ina zaɓe a nan, ina biyan haraji da sidi, idan Gana da Nijeriya suka haɗu a fili kada ka tambaye ni wa nake goyon baya, don ba za ka ji daɗin amsar ba. Duk da haka mun san garin da muka fito, muna faɗa wa yara, muna sauraron malamanku da mawaƙanku, 'yan kasuwarmu na zuwa Kantin Kwari saro kaya, kuma duk wanda ya sauka daga can muna jin ɗan'uwa ne ya zo. Abin da muke so daga gare ku shi ne ku daina kallonmu a matsayin waɗanda suka ɓace a hanya.

Ka ce kana tunanin zuwa bayan Babbar Sallah. Ka zo kafin ta, ka ga hawan dawaki a titin Nima. Kada ka kama otal, ɗaki na nan. Washegarin saukarka zan kai ka fada ka gaida Sarki, don haka ake yi wa kowane baƙo, daga nan mu gangara Zongo Lane in nuna maka inda Malam Naino ya zauna. Ka gaida su Hajiya da yara duka.