Fada, Bariki da Dutsen Aso: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, daidai ne a ce "fadar shugaban ƙasa" alhali shi ba sarki ba ne?

Amsa: Daidai ne. Duk inda mai mulki yake zama da mutanensa ana shawara ana yanke hukunci, nan ce fada. A Kano, in ginin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15 ake nufi, sai a ce Gidan Rumfa. In zaman ne, sai a ce an tafi fada. Ginin shugaban ƙasa da ke gindin Dutsen Aso a Abuja ya haɗa duka biyun, da ofis da zauren majalisar ministoci da gidan kwana. Tun a Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala ta yi dokar ƙirƙiro Abuja, amma sai ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya dawo da mulki can daga Legas.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu rubuta "fadan shugaban kasa". Haba jama'a! Fada mace ce, fadar ake cewa. Wanda ya ce fadan, ya kuma saba jefar da ƙugiyar haruffa, ya bar mai karatu yana zaton shugaban ƙasa faɗa ya yi da wani. Har a kanun labarai ina ganin wannan sakaci, daga mutanen da da Hausa suke cin abinci.

Tambaya: Barikin Dodan, daga "dodo" aka samo sunan?

Amsa: A'a, kunne ne ya yaudare ka. Sunan wani wuri ne a Burma, inda sojojin Afirka ta Yamma suka fafata a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga wannan bariki na Ikoyi a Legas Gowon ya fara mulki a 1966, shi ne kuma su Manjo Gideon Orkar suka kai wa hari a yunƙurin juyin mulki ranar 22 ga Afrilu 1990. Ita kalmar bariki aro ce daga Turanci, amma Bahaushe ya ba ta rai nata: daga mazaunin soja da Turawan mulki ta koma duk inda mutum ya yi nesa da idon dangi. Daga nan aka sami ɗan bariki da zaman bariki.

Tambaya: "Sarki goma, zamani goma" ya shafi shugabannin yanzu?

Amsa: Ƙwarai. Kowane mai mulki da salonsa da mutanensa. Fadar da Abacha ya rasu a cikinta a 1998 ita ce Obasanjo ya shiga a 1999, ita ce kuma 'Yar'aduwa ya rasu a ciki a 2010.

Tambaya: Aso Hausa ce?

Amsa: Ba Hausa ba ce, harshen Gbagyi ne, ana fassara ta da nasara. A riƙa ce wa mutanen Gbagyi, ba Gwari ba, shi ne sunan da suke kiran kansu.