Amsa ga ƙanena mai son karanta nukiliya da hasken leza

Wa alaikumus salam ƙanena, saƙonka ya iso kuma wallahi na ji daɗi. Ka ce ka gama digirin farko a fiziks, ka ji ana auna girma da siffar nukiliyas da hasken leza a CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke kusa da Jeneba, kana so ka san ya abin yake da kuma ta ina za ka shigo.

To abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, duk da sunan aikin nukiliya, ta ƙofar ilektron ake shiga. Nukiliyas ɗin, wato cibiyar ƙwayar zarra (atam), ya yi ƙanƙantar da ba na'urar da za ta nuna maka shi ido da ido, amma ilektron ɗin da ke kewaye da shi suna jin sa. In aka ƙara niyutron ɗaya girman cibiyar ya ɗan canza, matakan makamashin ilektron su ma sai su ɗan gota kaɗan, wannan ɗan gocin shi muke bi da leza. Sannan in ka duba layin hasken da kyau za ka ga ya rarrabu gida-gida, daga tazarar da ke tsakaninsu ake ciro juyin nukiliyas ɗin da ƙarfin maganaɗisunsa da kuma ko zagayayye ne, ko dogo kamar ƙwai, ko kuma kamar ƙwallon da aka danne. Shi ya sa in karatunka na fiziks ɗin atam da kwantam da ilmin haske ya yi rauni, can za ka fara komawa tun yanzu.

Yawancin nukiliyas ɗin da muke aunawa ba a samunsu a ƙasa, ƙera su ake yi. A ISOLDE, wato cibiyar ƙera su da ke aiki a CERN tun 1967, ana harba furoton masu ƙarfin GeV 1.4 (GeV ma'aunin makamashi ne) a kan wani abu kamar yuraniyam, ya tarwatse, a tace aisotof ɗin da ake so, wato nau'in sinadarin mai adadin niyutron ɗin da ake nema, da maganaɗisu, a turo maka shi. Wasu ko daƙiƙa ɗaya ba sa kaiwa sun lalace. Litiyam-11 (lambar jimillar furoton da niyutron ɗinsa ce) bai kai mili-daƙiƙa 9 ba yake lalacewa, amma duk da haka an auna shi da leza a cibiyar bincike ta TRIUMF da ke Kanada aka fitar da sakamakon a 2006, kuma abin mamaki niyutron ɗinsa biyu can nesa suke yawo har faɗinsa ya kusa na dalma-208.

Ni abin da ya ja ni cikin harkar nan labarin makuri ne. Tun shekarun 1970 aka gano a ISOLDE cewa makuri-181 da 183 da 185 sun fi maƙwabtansu girma sosai, wato ka cire niyutron ɗaya siffar ta koma doguwa, ka sake cire ɗaya ta dawo kusan zagayayya, haka dai tana ta sauyawa. Sai a 2018 aka kai awon har makuri-177 aka ga inda sauyin ya tsaya. Ka ga sama da shekara arba'in kenan mutane na bin tambaya ɗaya, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Haka kalsiyam, 40 da 48 girmansu kusan ɗaya duk da bambancin niyutron takwas, amma a 2016 aka auna kalsiyam-52 aka same shi ya fi yadda lissafi ya hango.

Maganar shigowa kuma, kar ka ɗauka CERN ce ke ba da PhD, jami'a ce za ta ɗauke ka ita kuma ta riƙa turo ka. Nemi ƙungiyoyin da ke cikin COLLAPS da CRIS, gwaje-gwajen leza biyu na ISOLDE, irin su na jami'o'in KU Leuven a Beljiyam, Manchesta a Ingila, Mainz da Darmstadt a Jamus. Akwai kuma wasu cibiyoyin irin wannan aiki, IGISOL a Jyväskylä ta Finlan, da FRIB a Mishigan ta Amurka da aka buɗe a 2022. CERN tana da shirin ɗaliban bazara da ke karɓar 'yan ƙasashen da ba mambobi ba, cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya ma tana da difloma ta shekara ɗaya, duka biyun ka gwada.

Gaskiyar aikin kuwa, haƙuri yake ci. Sai kun rubuta buƙata kwamiti ya amince kafin a ba ku 'yan kwanaki a shekara, in lokacin ya zo dare da rana ake yi ana karɓa-karɓa, sauran watannin kana ɗakin leza kana daidaita madubai da neman inda iska ke shiga bututu da kuma nazarin data. Don haka ka koyi harshen kwamfuta na Python sosai, ka iya daidaita layin lissafi da data da lissafin kuskuren awo, don malamai suna duba wannan.

In za ka rubuta wa farfesa, ka karanta takardar ƙungiyarsa ko guda ɗaya ce, ka faɗi abin da ka gane da inda ka maƙale. Turo min wasiƙar da sakamakonka in duba kafin ka aika. Allah Ya ba da sa'a.