Abin da ya sa na hana ka fitar da farfesun

Ɗana, daren jiya muna goge kanta bayan an tashi ka yi mini tambaya, na ce ka bari sai gari ya waye don ƙafafuna sun gaji. Ka ce: "Maigida, farfesun kayan cikin nan ya nuna tun kafin a ɗora kifi a wuta. Me ya sa ka hana ni fitar da shi, muka bar mutum 14 suna zaune? Ba gara wanda nasa ya nuna ya fara ci ba?" Na kuma lura ranka ya ɗan sosu da na riƙe maka tire a gaban sauran yara. Ka yi haƙuri da wannan. Tambayarka tana kan hanya, ni ma sai da na kwashe shekaru a kicin kafin na gane amsarta.

Fara tuna su waye suka zauna a teburin. Dattijo mai farar babbar riga a can kai, Hajiya a gefensa, 'ya'yansu maza uku kowa da matarsa, ƙanwarsu da ta gama karatu wadda dominta aka fito, wata gwaggo, sai jikoki huɗu. Kai takardar oda kawai ka gani a kicin, ni kuwa sai da na leƙa ta taga na ga wa ya ce a kawo me. Gasasshen kifin na dattijon ne. Farfesun kuwa na matar ƙaramin ɗansa ne, yarinyar da tun zamanta kanta ke sunkuye, tana gyara mayafi. To ka gaya mini, a ƙasar Hausa wace suruka ce za ta ɗauki cokali ta fara shan romo alhali gaban surukinta babu komai? Ko ya ce mata "bismillah, ci abinki", ba za ta taɓa ba. Kwanon zai zauna a gabanta rabin awa a ƙarƙashin sanyin na'ura. Ka san abin da ke samun farfesun kayan ciki in ya huce: maiƙon ya taso ya yi fari a bakin kwano, tumbin ya yi tauri, ƙamshin citta da kanumfari ya kwanta. Lokacin da kifin zai iso, kowa na cin abu mai zafi, ita tana fama da abin da ya daskare, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce a ɗumama mata ba. Za ta koma gida ta ce abincin wurin nan ba daɗi, kuma gaskiyarta.

Mutanen da ke shigowa irin gidan abincinmu da iyalinsu ba yunwa ce ta koro su ba. Hajiyar nan da ka gani, na tabbata miyar taushenta ta fi tamu. Sun biya kuɗi ne don yau ɗaya kowa ya zauna, babu wadda za ta tashi ta duba tukunya, babu wadda za ta ci a tsaye a bakin murhu bayan kowa ya ƙoshi. A gida mata su ne ƙarshen ci. A nan suna so a ajiye wa uwa farantinta lokaci ɗaya da na maigida. In ka fitar da abinci ɗaya bayan ɗaya, ka rushe abin da suka zo saya ke nan, ko da kowane faranti ya yi daɗi.

Saboda haka a babban tebur ba a dafa abinci bi da bi yadda aka rubuta shi a takarda. Daga ƙarshe ake lissafowa. Ka duba odar gaba ɗaya, ka nemo abin da ya fi kowanne jan lokaci, shi ne zai ja ragamar sauran. Jiya kifin ne da rabin kaza biyu. Kaza a kan gawayi tana cin wajen minti talatin da biyar zuwa arba'in in ana so ta nuna har ƙashi, babban kifi kuwa kusan rabin awa, gwargwadon kaurinsa. To kazar ce ta fara hawa wuta, bayan minti goma kifi ya bi ta. Tuwon shinkafa ba ya ba ka wahala, in an mulmula an rufe a kula yana riƙe zafinsa. Miya da farfesu su zauna a tukunyarsu a kan ƙaramar wuta, ba a zuba su a kwano sai ana shirin ɗauka. Soyayyar shinkafa minti biyar ce in an riga an tafasa ta. Waina da dankali su ne 'yan autan kicin, su ake yi a ƙarshe, don waina in ta bar tanda ta yi minti goma ta saki jiki, dankali kuma ya yi laushi. Shi ya sa nake sa ku soya dankalin Jos ɗin nan sau biyu: na farko da rana a mai marar zafi sosai don cikinsa ya nuna, na biyu minti uku a mai mai zafi lokacin da na ce a saki. Kuma faranti a ɗumama shi. Abinci mai zafi a faranti mai sanyi, kafin mai sabis ya kai tebur rabin zafin ya tafi.

Wannan tsarin na raba kicin gida-gida, mai gashi daban, mai miya daban, mai suya daban, mutum ɗaya kuma ya tsaya a kanta yana kiran oda, ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Wani kuku Bafaranshe ne, Auguste Escoffier, ya daidaita shi lokacin da ya riƙe kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan daga 1890, manyan otal-otal na duniya suka ɗauka. Amfaninsa ɗaya ne: hannu shida su gama aiki a lokaci ɗaya. In ka ji na ce "saura minti huɗu a tebur na bakwai", ba ihu nake yi don a san ni ne babba ba. Ina haɗa agogon kowa ne ya zama ɗaya, kuma ina so kowa ya amsa mini da baki don in san ya ji.

Za ka ce to mutane su zauna haka nan rabin awa? A'a. Ba a barin tebur babu komai. Da zamansu ruwa ya iso, sai zoɓo ko kunun aya mai sanyi, sai wani abu a tsakiya wanda ba na kowa ba ne shi kaɗai: 'yar samosa, tsire yankakke da albasa da tumatir, ko burodin Larabawa da humus irin wanda muka koya daga gidajen abincin Labanawan Kano. Abin da aka ajiye a tsakiya kowa yana iya miƙa hannu ba tare da an ce ya riga babba ba, musamman in ka fara matsar da shi gaban dattijon ya ɗauki ɗaya. Yara kuwa ba sa cikin wannan doka. Su kaɗai ake fara kai wa nasu. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya san jira ba, in ya fara kuka uwarsa ce za ta tashi da shi waje, ita ke nan ta rasa zaman. Ka ba shi dankalinsa da 'yar kazarsa da wuri, a yanka masa ƙanana, a kawar da kofin gilashi daga gabansa a kawo na roba. Babu kakan da zai ji haushi don jikansa ya riga shi ci.

Ni a jikina na koyi wannan. Ina da kamar shekarunka, a wani otal da na fara aiki, wani bawan Allah ya kawo iyayen matarsa da suka zo daga ƙauye. Da gani ka san ya daɗe yana tara kuɗin wannan fitar. Na ga nasa abincin ya riga nuna, na ɗauka na kai masa da saurina, ina ganin na yi ƙoƙari. Na surukin nasa kuwa aka manta ba a ma ɗora ba. Mutumin nan ya tura farantinsa gaban tsohon, tsohon ya ce ba ya cin irin wannan, ya turo masa. Farantin ya tsaya a tsakiya babu mai taɓawa, hira ta mutu. Har yau ina ganin yadda yake share gumi da hularsa a hannu, yana waiwayen ƙofar kicin. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin manaja ba, ya biya kuɗinsa cif ya tafi. Ban sake ganinsa ba. Shekara fiye da ashirin ke nan, kuma duk ranar da babban tebur ya zauna sai na tuna shi.

Teburin abokai wani abu ne daban, kada ka ɗauki dokar can ka kawo nan. Samari shida da suka yi makaranta tare, ko mata ƙawaye da suka fito bayan biki, babu kunya a tsakaninsu. Wannan zai sa hannu a farantin wancan. Su abin da ya fi musu shi ne manyan tire a tsakiya, a riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, gashi ya zo, bayan ɗan lokaci shinkafa ta biyo, don hira suka zo yi kuma za su daɗe. A nan da ka fitar da farfesun da wuri ba ka yi laifi ba. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka riƙa yi musu tsaye a ka, kada kuma ka kwashe farantin wanda ya gama alhali na kusa da shi yana ci, don sai ya ji kamar ana korarsa. In kuma sun ce a ƙunshe musu ragowa bayan sun yi awa uku suna zaune, ka gaya musu gaskiya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba firji, mai zafi kuma a riƙe shi sama da digiri 60. Shinkafar da ta sha iska tun magariba ba abin kai wa yara gida ba ce a zafin Kano.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi saurin zubar da mutunci. Tun shigowarsu ka gane wa ya gayyato. Yawanci shi ne ya yi waya ya kama tebur, shi ne ke cewa "ku zaɓi abin da kuke so". Jiya babban ɗan ne, ba dattijon ba. Takardar lissafi a rufe take zuwa, ta gefen hannunsa, kuma bakinka ba ya furta adadin. In katinsa ya ƙi wucewa a POS, kada ka ce kuɗi ba su isa ba. Ka sunkuya ka ce masa sabis ɗin na'urar yana wahala a nan, ko zai ɗan taso wurin kanta. A can ku warware, ko tiransifa ko wani katin. In abokai suka fara rigimar "ni zan biya, wallahi ba ka isa ba", ka ja baya kaɗan ka bar su, kada ka zaɓar musu. Kuma in wani ya tambaye ka me ya sa kuɗin ya fi abin da ya gani a menu, ka san amsa: akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda haka yake tun Fabrairun 2020, akwai kuma kuɗin hidima da gidan ke ɗorawa. Gara ma ka faɗa wa mai gayya tun a waya, ya zo da shirinsa.

Za ka ji abubuwa da yawa a bakin tebur: maganar aure, rabon gado, bashi, rashin lafiya. Mutane suna mantawa da mai zuba musu ruwa yana da kunne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ka ji a tebur na bakwai ba ya shiga kicin, balle ya fita unguwa, kuma wayarka ba ta ɗaukar hoton baƙo ko da wane ne shi.

Tambaya ɗaya ce nake so ta zame maka jiki kafin ka rubuta odar kowane babban tebur: akwai wanda ba ya cin wani abu? Yajin tsirenmu da ƙuli-ƙuli ake yin sa, miyar taushe da gyaɗa, kuma akwai mutanen da gyaɗa ke kumbura wa maƙogwaro cikin 'yan mintoci har numfashi ya gagara. Yaran da aka haifa a waje aka kawo su hutu sun fi zuwa da wannan bayanin, amma a nan ma akwai su. Tsofaffi kuma da yawa suna fama da hawan jini ko ciwon suga, kuma ba za su faɗa a gaban 'ya'yansu ba sai an tambaya a hankali. Dattijon jiya Hajiya ce ta raɗa wa mai sabis a rage masa gishiri, shi ya sa ka ga na ware kifinsa na shafa masa kayan haɗi da hannuna.

Ranar Juma'a bayan sallar isha'i an kama mana tebur na mutum 18, walimar sauka ce. Kai za ka tsaya a kanta ka kira odar, ni ina wurin gashi ina amsa maka kamar kowa. Da safe za mu je Yankaba tare mu zaɓo tumatir da latas, don haka ka zo da wuri. Kafin su iso ka tabbata yaran kicin sun ci abincinsu, da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a jera faranti ashirin a wurin ɗumi. In odar ta shigo kada ka taɓa tukunya tukuna. Ka fara leƙawa ta taga ka ga wa ke zaune a kai, sannan ka zo ka gaya mini abin da zai fara hawa wuta.